Jama'a a taimaka: na ɗora Windows sabo, laftof ta ƙi tashi

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Dan Allah masana a taimaka min, wlh hankalina a tashe yake. Laftof ɗina ce HP EliteBook 840 G3 tokumbo, shekara biyu kenan tana hannuna, ta yi nauyi sosai sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba, shi ne na tara kuɗi na sayi SSD, wato ma'ajiya mai sauri, mai 256GB na sa mata, na ɗora Windows 10 sabo da kaina ran Laraba da filashin da na haɗa da manhajar Rufus. Komai ya tafi lafiya lau, ta tashi, na kwashe fayilolina na zuba ciki, na yi kwana biyu ina aiki da ita kamar sabuwa. Yau bayan la'asar na kunna sai baƙin allo da wannan rubutun:

Boot Device Not Found
Please install an operating system on your hard disk.
Hard Disk (3F0)

Na kashe na kunna ya fi sau goma, abu ɗaya take nunawa. Furojet ɗina na ajin ƙarshe yana ciki, babi na ɗaya har na huɗu da duk bayanan da na yi wata biyu ina yawon tarawa, kuma ran Litinin zan kai ma malamin da ke duba min. Ba ni da kwafi ko'ina.

Alhajin Rafindadi:
Wa alaikumus salam. Subhanallah. Allah shi kawo mafita ɗana, kwantar da hankalinka akwai masana nan. Ba a ɗauke wuta ba lokacin da kake ɗora mata Windows ɗin? Ni a shagona haka ta taɓa yi mana, ana cikin sawa aka ɗauke wuta, inji bai tashi da wuri ba, sai da aka sake daga farko.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Amin Baba na gode. A'a, batirinta na da kyau, kuma ta gama tsaf har na yi aiki da ita.

Mai Shago Sabon Layi:
3F0 kuwa ai mun saba da ita, kullum sai an kawo mana. Ko dai SSD ɗin ya mutu don akwai na bogi da yawa a kasuwa yanzu, ko kuma Windows ɗin bai zauna daidai ba. Ka kawo ta gobe da safe a yi mata fomatin a sake ɗora wani, minti talatin an gama, in SSD ɗin ne kuma ka maida ma wanda ya sayar maka.

Malama 'Yar Daura:
A'a dan Allah kar a fara da maganar fomatin. Malam ba ka ga ya ce furojet ɗinshi na ciki ba kuma ba shi da kwafi? Ƙanena kar ka bari kowa ya goge komai tukuna, kai ma kar ka sake shiga wurin ɗora Windows ka danna Delete ko Format kan wani fatishan, wato yankin faifai. Rubutun nan bai ce fayilolinka sun tafi ba, cewa ya yi kwamfutar ta duba ba ta ga inda za ta tashi ba, kuma waɗannan abu biyu ne daban.

Mai Shago Sabon Layi:
Hajiya ai ba haka kawai muke gogewa ba, in mai kaya ya ce akwai abu ciki muna kwashe mashi.

Malama 'Yar Daura:
To ai da sai ka faɗa tun farko Malam. Ɗalibaina nawa suka zo min suna kuka an goge masu aiki saboda an ce "minti talatin an gama". Ba kai nake nufi ba, amma abin na faruwa.

Injiniya na Layout:
Salamu alaikum. Ƙanena mu bi abin a hankali, mu fara tabbatar da SSD ɗin na da rai. Kashe ta gaba ɗaya, ka kunna kana danna Esc akai-akai har jerin zaɓi ya fito. A HP, F2 na gwajin kayan ciki ne, F9 na zaɓen inda za ta tashi, F10 kuma BIOS. Shiga F2 ka nemi gwajin ma'ajiya, ka zaɓi gajeren, minti biyu zuwa uku ne. Ka faɗa min abin da ya rubuta. Bayan nan ka shiga F9 ka karanto min duk abin da ke jerin.

Ɗan Ƙofar Marusa:
To Injiniya bari in yi yanzu.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na yi. Ya ga SSD ɗin har da sunanshi, kuma ya rubuta PASSED. A F9 kuma ba komai sai wasu layuka masu IPV4 da IPV6, sai Boot from file.

Injiniya na Layout:
Alhamdulillah, to SSD bai mutu ba, kuma yana zaune daidai a raminshi tunda ta gan shi. Abin da ya kamata ka gani a F9 shi ne Windows Boot Manager, kuma babu shi. Waɗancan IPV4 da IPV6 na tashi ta netwok ne, ba ruwanmu da su. Yanzu tambaya ita ce mi ya ɓatar da shi.

Ɗan Batagarawa:
Ni ina ganin matsalar Legacy da UEFI ce. Irin wannan ta same ni bara da wata Dell. Na haɗa filashi a Rufus na zaɓi MBR, kwamfutar kuma tana kan UEFI, na wahala kwana biyu. Ya shiga F10 ya kunna Legacy kawai za ta tashi in sha Allah.

Alhajin Rafindadi:
Ku yi mana bayani da Hausa dan Allah, mu ma mu ƙaru. Miye Legacy miye UEFI? Kullum yaran shago na faɗa, ni dai sai in ce to.

Injiniya na Layout:
To Alhaji. In ka danna makunni, ba Windows ke fara aiki ba, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune kan allon uwa na kwamfutar, ita ke farkawa ta duba ram da kibod da ma'ajiya, sannan ta nemo wanda za ta miƙa ma ragama. Tsohon tsarin shi ne BIOS, wanda yanzu ake ce ma Legacy, tun kwamfutocin IBM na 1981 ake tafe da shi. Shi abin da ya sani kawai ya je farkon faifai ya karanta bayit 512 na farko, wato MBR, duk abin da ya tarar nan shi zai bi. MBR ɗin nan ba ya iya riƙe faifan da ya wuce 2TB, kuma manyan fatishan huɗu kawai yake ɗauka. Sabon tsarin shi ne UEFI, yana tafiya da GPT, sabon tsarin raba faifai, wanda a Windows yake ɗaukar fatishan har 128. Shi UEFI ba farkon faifai yake zuwa ba, wani ɗan ƙaramin fatishan yake nema mai suna EFI, galibi 100MB ne, an tsara shi da FAT32, nan fayilolin tada Windows suke. Kamar gida ne Alhaji, Windows da kayanka su ne ɗakunan ciki, EFI ɗin nan shi ne zaure. In babu zaure baƙo zai zo ya tsaya a waje ya ce bai ga gida ba, alhali mutanen gida na ciki da kayansu ba abin da ya taɓa su.

Maganar ɗan'uwa na Batagarawa tana faruwa sosai, in aka ɗora Windows a Legacy sannan BIOS ya koma UEFI, ko akasin haka, wannan rubutun za ka gani. Wani lokaci ma ƙaramin batirin nan mai riƙe agogo ne ke mutuwa, saitin ya koma yadda ya fito daga kamfani. Ƙanena duba min kwanan wata da lokaci a F10, daidai suke? Kuma a Rufus mi ka zaɓa?

Alhajin Rafindadi:
Ma sha Allah, yau na gane. Allah shi ƙara ilimi Injiniya.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Kwanan wata daidai yake Injiniya. A Rufus GPT na zaɓa, ƙasanshi an rubuta UEFI non CSM, na tuna sosai don sai da na kalli bidiyo sau biyu kafin in danna. Amma tunda ɗan'uwa ya faɗa na gwada, na shiga Advanced, Secure Boot Configuration, na zaɓi mai kunna Legacy, ta sake tashi ta nuna min wasu lambobi huɗu ta ce in rubuta in danna Enter, na rubuta. Yanzu sunan SSD ɗin ya fito a F9 amma in na zaɓe shi ba ta shiga Windows, ƙarshe dai 3F0 ɗin take dawowa.

Injiniya na Layout:
Ba zai tashi a Legacy ba tunda a UEFI ka ɗora shi. Maida saitin yadda ka same shi. Kuma daga yanzu dan Allah abu ɗaya za mu riƙa canzawa a lokaci ɗaya, in an canza uku tare ba za mu san wanne ya gyara ko ya ɓata ba.

Ɗan Batagarawa:
To afuwan, ni dai abin da ya yi min aiki na faɗa.

Injiniya na Layout:
Ba laifi ai, ya rage mana hanya ɗaya.

Ɗan Linux:
Ni fa kullum ina faɗa, wannan wahalar da Windows 10 ta mece ce? Microsoft sun daina ba shi sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma 840 G3 firosesanta janareshan na 6 ne, Windows 11 kuma a hukumance daga na 8 yake farawa, ga sharaɗin TPM 2.0 da ram 4GB da ma'aji 64GB. Ka sa Linux Mint a madadin Windows kawai ka huta, kyauta ne, ba nauyi, ba ruwanka da neman laisin. Ni tawa ta girmi taka amma tana gudu.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Yaya ai SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, nake amfani da shi a babi na huɗu, kuma malaminmu a Word yake son komai. Ni yanzu ba canza tsari ne gabana ba, aikina nake so in gani.

Malama 'Yar Daura:
Maganar kwanan watan gaskiya ce, kuma ya kamata duk mai Windows 10 ya sani. Amma ba daren nan ba. Mutum gidanshi na cin wuta ba a yi mashi tallan fenti.

Ɗan Linux:
Haka ne Malama. Amma ko don ceto fayil ɗin, filashin Mint na tashi ba tare da an ɗora shi ba, ya buɗe SSD ɗin ya kwashe kayanshi.

Malama 'Yar Daura:
Wannan kam shawara ce mai kyau, sai dai zai sauke kusan 3GB da datar waya cikin daren nan, kuma yana da filashin Windows a hannu wanda zai yi aikin. Ƙanena saurara, kafin Injiniya ya ci gaba mu fara fitar da furojet ɗin. Sa filashin da ka ɗora Windows da shi, kunna, Esc, F9, zaɓi filashin. In allon zaɓen yare ya fito kar ka danna Install, danna Shift da F10 tare, baƙar taga za ta buɗe. Rubuta notepad ka danna Enter. In ya buɗe je File, Open, ƙasa inda aka sa Text Documents ka maida shi All Files, sai ka shiga This PC. Za ka ga faifanka. Shiga Users, sunanka, sai Desktop ko Documents, duk inda ka ajiye. Danna dama kan foldar ka yi Copy, koma filashin ka yi Paste. Kar ka danna fayil ɗin sau biyu don zai buɗe a notepad ya zama shirme, kuma ko da ya buɗe kar ka yi Save. Ba za ka ga alamar yana kwafa ba, linzamin zai tsaya yana juyawa kawai, ka yi haƙuri ka jira.

Mai Shago Sabon Layi:
Ikon Allah. Shekara takwas ina gyara, ni ciro faifan nake in sa a wata kwamfutar. Wannan ta notepad ban san ta ba wlh. Na ƙaru Hajiya.

Malama 'Yar Daura:
Ciro shi ma hanya ce mai kyau Malam, sai dai ba kowa ke da gidan sa SSD irin siririn nan ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Allahu Akbar!! Anti na gan su wlh, duk suna nan, foldar furojet, hotunan bikin yayata, komai. Hannuna har rawa yake. Na yi paste ban ga komai ba na tsorata, sai da na fita na sake shiga filashin sannan ta bayyana. Babi huɗu da fayil ɗin SPSS duk sun shiga. Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa.

Malama 'Yar Daura:
Amin. Yanzu ina da tambaya, tun ɗazu take cina. Ka ce ka sa SSD. 840 G3 tana da wuri biyu, na siririn SSD da na hardis babba mai inci 2.5. Tsohon hardis ɗin yana ina? Lokacin da kake ɗora Windows yana ciki ko ka cire? Kuma yanzu a This PC faifai nawa ka gani?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Yana ciki lokacin Anti, ai ta nan na kwashe fayilolin zuwa SSD. Yau da safe na cire shi na ba ƙanena, tashi laftof ɗin hardis ɗinta ya lalace, ya zo daga Daura jiya shi ne na ce ya tafi da shi tunda ni na gama da shi. Na ɗaure ta na ajiye na tafi masallacin Juma'a, sai bayan la'asar na kunna. Amma ai ba ruwanshi da wannan, Windows ɗin kan SSD na sa, na tabbata, mai 238GB na zaɓa, tsohon 465GB yake nunawa.

Injiniya na Layout:
Tau, ga inda gizo ke saƙar. Malama kin gano shi. Ƙanena ai da wannan za ka fara.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Wlh ban kawo a raina yana da alaƙa ba Injiniya, yi haƙuri.

Injiniya na Layout:
Ba kai kaɗai ba, mutane da yawa na faɗawa nan, don mai ɗora Windows ɗin ba ya gaya maka abin da ya yi. Ga yadda abin yake. In akwai faifai biyu a ciki, kuma tsohon yana da fatishan na EFI tun da, sai ya ga ai akwai zaure, ba sai ya gina wani ba. Sai ya zuba Windows kan SSD kamar yadda ka zaɓa, amma fayilolin tashi ya kai su cikin EFI na tsohon hardis. Kwana biyun da ka yi kana jin daɗinta, ta tsohon faifan take shigowa sannan ta tsallaka SSD. Ban sani ba ko ka lura lokacin tana nuna maka shuɗin allo mai Windows 10 guda biyu ka zaɓa?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Ƙwarai kuwa! Tana nunawa, na sama nake bari ta shiga da kanta bayan daƙiƙa 30. Na ɗauka in na cire tsohon zai daina.

Injiniya na Layout:
Shi ke nan, zauren ne ka ba ƙanenka ya tafi da shi Daura.

Alhajin Rafindadi:
To ai da sauƙi, Daura ba nisa daga nan Katsina, kilomita tamanin ne ko kusa da haka. Ya ba direba a tasha gobe da safe, kafin azahar ya iso a maida.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na kira shi yanzu Baba. Ya ce tun da ya isa ya sa a tashi, ya goge duk fatishan ɗin ya ɗora nashi Windows. Innalillahi.

Injiniya na Layout:
Kar ka damu, ko da bai goge ba ni ba zan so ka dogara da tsohon faifai ba, ranar da ya mutu ka dawo nan. Za mu gina ma SSD ɗin nashi EFI, ba tare da an taɓa Windows ko fayil ɗinka ba. Ka sa caja. Koma baƙar tagar nan ta Shift da F10, rubuta diskpart, Enter, sannan list disk. Gaya min abin da ka gani, har da wanda ke da tauraro a ƙarƙashin Gpt. Kuma ka ji da kyau, akwai kalmar clean da za ka gani a bidiyoyi da yawa, kar ka kuskura ka rubuta ta, ba ta tambayar ko ka tabbata, nan take take share tsarin faifan gaba ɗaya.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Disk 0 238 GB akwai tauraro. Disk 1 14 GB shi ma akwai.

Injiniya na Layout:
Disk 1 filashinka ne, kar ka taɓa shi. Rubuta select disk 0 sannan list partition.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Partition 1 Reserved 16 MB
Partition 2 Primary 238 GB
Su ke nan.

Injiniya na Layout:
Ka gani da idonka, babu mai suna System, shi ne EFI ɗin. Mai 16MB ɗin na Microsoft ne, bar shi. Yanzu za mu ɗan gutsuri wuri daga babban. Layi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka jira ya ce ya yi nasara kafin ka wuce:

select partition 2
shrink desired=300
create partition efi size=260
format quick fs=fat32
assign letter=S
list volume
exit

Ka kula sosai wurin format ɗin nan. Da zarar ka ƙirƙiri sabon fatishan diskpart na komawa kanshi da kanshi, shi ya sa za ka rubuta format kai tsaye bayan create, kar ka sake select komai a tsakani. In kana shakka rubuta list partition ka ga tauraron yana kan mai 260MB kafin ka danna. A list volume kuma duba harafin da aka ba mai 238GB, don a nan ba dole ba ne ya zama C.

Mai Shago Sabon Layi:
Injiniya mi ya sa 260 ba 100 ba? Kuma ni da bootrec /fixmbr na saba, ko Startup Repair.

Injiniya na Layout:
100 ma zai yi a yawancin faifai, amma masu sekta 4K ba sa karɓar FAT32 ƙasa da 260, kuma HP kan ajiye fayilolin sabunta BIOS a nan, gara a bar wuri. Shi fixmbr na tsarin Legacy ne, a GPT da UEFI ba abin da zai gyara. Startup Repair kuma gyara abin da ke nan yake, ba zai yanka maka sabon fatishan ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na duba tauraron sau uku kafin in danna format, gabana na faɗuwa. Duk sun yi. Babban C ne, sabon S.

Injiniya na Layout:
Madalla. Saura layi ɗaya:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

Ɗan Ƙofar Marusa:
Ya ce Failure when attempting to copy boot files. Injiniya ko na ɓata wani abu ne?

Injiniya na Layout:
Ba ka ɓata komai ba. Wannan na nufin bai ga foldar Windows a inda ka nuna mashi ba. Rubuta dir C:\ ka ga ko akwai Windows da Users a jerin. In akwai, to karanta abin da ka rubuta harafi bayan harafi.

Malama 'Yar Daura:
Duba sandar da ke bayan C: ma, wadda kanta ya karkata hagu ce, sauran biyun na s da f su ne masu karkata dama. Kuma akwai tazara tsakanin /s da S:

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gani, Window na rubuta ban sa s ɗin ƙarshe ba. Na sake. Boot files successfully created!

Injiniya na Layout:
Rufe tagar, kashe ta, zare filashin. Tabbatar ka maida BIOS kan Legacy a kashe kamar yadda na ce ɗazu, sannan ka kunna.

Alhajin Rafindadi:
Muna jira ɗana, ni har na fasa kwanciya.

Ɗan Ƙofar Marusa:
ALHAMDULILLAH ta tashi!!! Tambarin HP ya fito, ɗigon nan suka juya, sai ga hoton allona da komai yadda na bar shi, ko daƙiƙa 15 ba ta yi ba, kuma ba ta tambaye ni in zaɓi Windows biyu ba. Na buɗe babi na huɗu yana nan har gyaran da na yi jiya da dare. Wlh ban san da bakin da zan gode maku ba. Injiniya, Anti, Baba, Malam mai shago, duk wanda ya sa baki Allah ya biya maku buƙatunku, Allah ya raba ku da tashin hankali irin wanda na shiga yau. Mahaifiyata ma ta ce a gaishe ku, tun magariba take tambayata mi ya hana ni cin tuwo.

Injiniya na Layout:
Amin, muna amsawa. Nan gaba in za ka ɗora Windows a kwamfuta mai faifai biyu, zare wanda ba ka so tukuna, in ta gama ta tashi sai ka maida. Ga wani abu da za ka duba in ka huta, fatishan na Recovery ma bai bayyana a jerinka ba. Buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta reagentc /info, in ya ce Enabled shi ke nan, in Disabled ne ka faɗa min mu duba. Ba zai hana ta aiki ba, amma kar ka goge filashin nan, ajiye shi wuri mai kyau.

Mai Shago Sabon Layi:
Ni ma akwai wata Lenovo a shago tun Talata, mai ita ya sa SSD ya cire tsohon ya sayar, na ce mashi sai fomatin ya ce in dakata akwai lissafin kasuwarshi ciki. Gobe in sha Allah zan gwada mata wannan. Injiniya in na duba list disk ban ga tauraro ba fa?

Injiniya na Layout:
To MBR ce kenan, hanyarta daban, ba create partition efi za ka yi ba, fatishan ɗin za a maida active sannan a bcdboot a sa /f BIOS. Kar ka yi komai sai ka turo min abin da list disk da list partition suka nuna. A Lenovo F12 ne wurin zaɓen filashi, ba F9 ba.

Ɗan Linux:
Barka ɗan'uwa. In ka gama difens ka zo Ƙofar Ƙaura in nuna maka Mint a filashi ba tare da an taɓa Windows ɗinka ba, don maganar sabuntawar tsaron nan tana nan tana jiranka.

Ɗan Ƙofar Marusa:
In sha Allah Yaya zan zo, bayan Litinin.

Malama 'Yar Daura:
Ƙanena kafin ka kwanta, tura foldar nan Google Drive, 15GB suke bayarwa kyauta, ko ka aika ma kanka ta imel. Kwafin da ke filashi da laftof jaka ɗaya suke kwana, in jakar ta ɓata a Keke Napep duka sun tafi. Ka yi yanzu ka dawo ka ce min ka yi.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na haɗa da wayata yana hawa Anti, sabis ɗin ne ba ƙarfi unguwarmu da dare, yana kashi 40. Ba zan rufe ta ba sai ya cika.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Ya cika. Na buɗe a waya na gani, duk babi huɗun suna nan. Injiniya na duba reagentc ɗin ma, Disabled ya rubuta, gobe bayan na dawo daga makaranta zan turo maka hoton allon.